Kwarangwal a kan waya: dabarun William Castle da yadda ake haɗa su

Tun da aka sake buɗe gidajen silima a Saudiyya a watan Afrilun 2018, matasanmu na Jidda da Riyad sun saba da kujera mai motsi da iska mai busowa a fuska. Wannan tunani ya girme su. William Castle, wani mai shirya fim a Amurka, ya yi shi tun kafin 1960 da kayan da ba su taka kara sun karya ba.

A 1958 ya ba duk wanda ya shiga kallon Macabre takardar inshorar dala 1,000 daga Lloyd's na Landan, idan tsoro ya kashe shi. A 1959 ya fito da House on Haunted Hill, inda Vincent Price ya fito a matsayin attajirin da ya yi wa baƙi biyar alkawarin dala 10,000 kowannensu in sun kwana a gidan fatalwa. Dabarar fim ɗin sunanta Emergo: daidai lokacin da kwarangwal ya taso a cikin fim, sai wani na roba ya fito daga gefen allo, ya bi waya ta saman kawunan 'yan kallo. Abin da ya lalata ta shi ne yara. Da labari ya bazu, sai suka riƙa zuwa da danƙo suna jiran fitowarsa su harbe shi.

A The Tingler, shi ma na 1959, ƙananan injina masu karkarwa aka ɗaure a ƙarƙashin wasu kujeru, ba duka ba. Hikimar ke nan: mutum ɗaya ya zabura, ihunsa ya tayar da layi guda.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta 13 Ghosts na 1960. An rina hoton ɗaki da 'yan wasa shuɗi, fatalwowin kuma ja, aka ba kowa kwali mai taga biyu na leda. Ta jar taga fatalwa na fitowa ƙarara, ta shuɗiyar kuma tana dushewa. Matsalar ita ce ko ba kwalin ana ganinsu, don haka masu tsoro ba su tsira sosai ba.

Ga masu kama istiraha (gidan shaƙatawa na haya) da majigi, Emergo ce ta fi sauƙin haɗawa. A samo kwarangwal na roba wanda bai wuce kilo ɗaya ba, zaren kamun kifi mai kauri mita 10 zuwa 12, zoben ƙarfe biyu na rataye shi a zaren, da baƙin ƙyalle na ɓoye shi. A ɗaure bakin zaren na wajen allo sama da na baya da kamar mita ɗaya da rabi, don nauyinsa ya gangarar da shi, amma ko a inda ya fi ƙasa ya wuce kan mai tsaye. A ɗaura wani siririn zare a bayansa wanda mutum ɗaya zai riƙa saki a hankali.

Inda ake samun cikas: zare ya yi sako-sako, tsakiyarsa ta lotsa, kwarangwal ya tsaya cak a rabin hanya. A ja shi sosai, a gwada da nauyin a kai. Zobe ɗaya na sa shi juyawa ya ba mutane baya, shi ya sa ake sa biyu, a kai da kafaɗa. Hasken majigi na tona zaren in ya ratsa ta gabansa, sai a bi da shi ta gefe. Fenti mai haske a duhu kuwa sai an haska shi da tocila na 'yan mintuna dab da lokacin, a ɓoye bayan ƙyallen. Kada a yi shi inda akwai ƙananan yara, tsofaffi ko masu ciwon zuciya, kuma a bar hanyar ƙofa a buɗe.