Digiri 42 Da Ƙwayoyin Sankarar Bakin Mahaifa

A shekarar farko ta karatuna na digiri na biyu, aikin da aka ɗora mini shi ne in riƙa nutsar da 'yan kwalabe masu ɗauke da ƙwayoyin sankarar bakin mahaifa cikin ruwa mai zafin digiri 42 na tsawon awa guda, daga nan in garzaya da su ɗakin na'urar gashi. Abin da muke kira gashi a asibiti haske ne mai kakkarya DNA, babu zafi a cikinsa. Ɗumamawar ita ce zafin na gaskiya. Tun a 2000 wani bincike a Holan ya nuna cewa idan aka haɗa biyun, ciwon sankarar yakan ɓace gaba ɗaya a kashi 83 cikin ɗari na mata, alhali gashi kaɗai ya tsaya a 57.

Da fari na ɗauka zafin ne ke dafa ƙwayoyin. Ashe aikinsa ya fi haka dabara: yana rusa furotin BRCA2, wanda ƙwaya ke dogaro da shi wajen ɗinke DNA ɗin da ya tsinke, don haka gashi yakan riske ta ba ta da ɗaya daga cikin manyan hanyoyinta na gyara. Sai dai ƙwayar takan sake ƙera shi cikin 'yan awanni, shi ya sa ranar da na tsaya sallar azahar da cin abinci kafin in kai kwalabena, sakamakon ya fito kamar ban ɗumama komai ba.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne sake ɗumama ƙwayoyi iri guda washegari, ina zaton ninki zan samu, sai suka ƙi mutuwa. Zafin jiya ya sa sun tara HSP70, furotin da ke kare sauran furotin daga lalacewa, kuma wannan garkuwar takan kwana biyu zuwa uku kafin ta sauka, abin da ya sa ake yi wa marasa lafiya ɗumamawar sau ɗaya ko biyu kacal a mako.

Ƙwayoyin HeLa da SiHa, nau'o'in ƙwayoyin sankarar bakin mahaifa da ake rainonsu a ɗakin bincike, masu ɗauke da nau'i na 18 da na 16 na HPV (ƙwayar cutar da ke haddasa wannan sankarar), su ne suka fi burge ni, domin zafi yana karya E6, furotin HPV da ke danne p53, wato furotin da ke sa ƙwayar da ta lalace ta mutu, sai p53 ya farfaɗo ya tura ƙwayar ga mutuwa. C33A kuwa, wani nau'in ƙwayar sankarar, babu HPV a cikinta, p53 ɗinta ma gurgu ne, don haka sai da na ware mata shafinta daban a littafin awona.