Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kwazazzabon da Ba Ruwa

Makon jiya na tsaya a inda aka tura ni koyar da labarin ƙasa a wata sakandare kusa da Kwatarkwashi, a kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa. Ɗakin da aka ba ni wani ɗan bautar ƙasa ne ya tashi daga ciki, ya bar mini risho mai yoyo da tarin tsofaffin mujallu a ƙarƙashin gado.

A cikinsu na ci karo da hoton wani wuri fayau, ba ciyawa ba itace, sai baƙin dutse da aka tsattsaga kamar an bi shi da garma. Na ɗauka Sahara ce. Ashe Antaktika ce, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya, busassun kwaruruka na McMurdo, wajen murabba'in kilomita 4,800 da ƙanƙara ba ta rufe ba. Iska mai sanyi ke gangarowa daga tudun ƙanƙara da ƙarfi, ta busar da duk wata laima, ta riƙa feshin yashi tana goge duwatsu har su yi santsi. Dabbar teku in ta ɓace hanya ta mutu a can, gawar ba ta ruɓewa, sai ta ƙame kamar kilishi ta yi ɗaruruwan shekaru. Tudun da ke hoton kuwa yana ƙarshen kwarin Wright ta yamma, ana kiransa Labyrinth.

Washegari na shiga aji ina ta ƙafafa. Lokacin hunturu ne, leɓunan yara duk sun tsage, na ce musu irin wannan iskar ce, in an ninka ta, ta sassaƙa waɗancan ramuka.

Da aka tashi, maigadinmu, wani dattijo da ke noma a gindin dutsen Kwatarkwashi, ya karɓi mujallar. Ya kai ta dab da ido, ya bi layukan da farcen babban yatsa.

"Malam, wannan ai kwazazzabo ne."

"Baba, can ba a ruwan sama."

"To ni dai ban taɓa ganin iska ta haƙa kwazazzabo ba. Ruwa ya cinye mini rabin gona, na san sawunsa."

Na yi masa dariyar ɗan boko, Allah ya yafe mini. Amma maganar ta tsaya mini a wuya, har ranar Asabar na hau mota zuwa Gusau, na biya kuɗin awa ɗaya a shagon intanet. Baba ne da gaskiya. Masana sun ce ruwa ne da ya taru a ƙarƙashin ƙanƙara ya ɓalle da ƙarfi, shekaru sama da miliyan 12 da suka wuce, ya yanka dutsen. Iska daga baya ta zo ta yi shara.

Ranar Litinin na sa yara suka soke abin da na rubuta musu. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, a jarrabawa wanne za mu rubuta, naka ko na Baba?"

Na sayi goro biyu na kai masa bakin ƙofa. Ya ɓare ɗaya, bai ce komai ba.

Mako mai zuwa: yadda labarin ya kai kunnen shugaban makaranta.