Awa ɗaya a sati, wai ma'aikaci

Jiya a majalisarmu saura kaɗan a yi dambe wallahi, wani abokina ɗan jam'iyya sai kumfar baki yake wai gwamnansu ya samar da ayyuka, har da zaro waya yana nuna mana alƙaluma. Nace malam tsaya, ka san yadda ake lissafin nan kuwa? Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari, a 2023 suka canza tsarin lissafi ya dawo 4.1, ba wai masana'antun Sharaɗa da Bompai ne suka farfaɗo ba, a'a, yanzu ko awa ɗaya kayi aiki a sati an ƙirga ka, da kuwa sai awa 20. Ƙanina mai digiri da ke tsare wa maƙoci shagon caji ranar Juma'a shima ma'aikaci ne kenan. Can sai abokin nawa ya ce to ai an raba keke napep. Nace guda nawa, su wa aka ba, bashi ne ko kyauta? Har shayinsa ya huce bai amsa ba.