Gwajin da bai taɓa faɗuwa ba

Ranar Juma'ar nan zan miƙa makullin ofis bayan shekara huɗu a ɗakin binciken nan. Kafin in tafi ina so in rubuta abin da ya faru game da gwajin manhajar lissafinmu, domin har yau idan sabon ɗalibi ya zo, rabin labarin ake ba shi.

Duk wanda muka zauna tare ya san tsohuwar manhajar nan da aka rubuta da yaren kwamfuta na Fortran, wadda ke lissafa yadda sinadarai ke yaɗuwa a ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ni aka ɗora wa aikin mayar da ita Python, wani yaren kwamfuta na zamani. Hanyar tabbatarwa ɗaya ce: a ba tsohuwa da sabuwa bayanai iri ɗaya, a kwatanta jerin lambobin da kowace ta fitar. Da farko na nemi su zo daidai sak, gwaji ya yi ta faɗuwa. Dole kuwa. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ajiye lamba, kuma a wannan lissafin 0.1 ba ta da ƙarshe, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ta ƙarewa a namu. Sai ta datse ta a bit 53, wato gurbi 53 na sifili ko ɗaya, bisa ƙa'idar IEEE 754 da aka kafa tun 1985. Shi ya sa idan ka haɗa 0.1 da 0.2 za ta ba ka 0.30000000000000004.

Na kai wa Farfesa maganar. Bai ma ɗago kai ba, ya ce, "Kai, kada ka ɓata mana lokaci. Ka sa allclose na NumPy, kowa da shi yake aiki." Na ce, "Ranka ya daɗe, da wane rangwame?" Ya ce wanda ya zo da shi ya isa. NumPy kundin kayan lissafi ne na Python, allclose kuma umarni ne a cikinsa da ke duba ko jeri biyu na lambobi sun yi kusa da juna, rangwame shi ne 'yar tazarar da yake yafewa. Na sa, gwaji ya wuce, muka ci gaba.

Wata bakwai gwajin yana wucewa. Kullum.

Abin da ban zauna na karanta ba shi ne yadda allclose ke yanke hukunci. Rangwame biyu yake haɗawa: ɗaya na bin girman lambar, kashi ɗaya cikin dubu ɗari, ɗayan kuma tsayayye ne, 0.00000001. Idan tazarar lambobi biyu ba ta wuce jimillar su ba, sai ya ce ɗaya suke. Ga zafin ruwa ko zurfin rijiya wannan ba komai. To amma sinadaran da muka fi damuwa da su, adadinsu bai wuce irin 0.0000000003 ba. Kamar a auna zinariya da sikelin buhun masara ne: ko ka ɗora ko ka sauke, allura ba za ta motsa ba. A ƙarƙashin wannan kuwa akwai kuskure na gaske da na yi da hannuna. Fortran daga 1 yake fara ƙidayar jeri, Python daga 0, kuma a sashen ƙananan sinadaran na goce da gurbi ɗaya. A wasu wuraren amsar ta kauce da kusan rabi.

Wata ɗalibar digiri na biyu ce ta gano. Jadawalinta ya ƙi yin kama da na tsoffin rahotanni, sai ta share sakamakon sashen gaba ɗaya, ta zuba sifili zalla, ta sake gwajin. Ya wuce. Ta zo teburina da kwamfutarta, ta ce, "Malam, don Allah duba min wannan, ko ni ce ban gane ba." Sai da cikina ya ɗuri ruwa. Lokacin an riga an tura takarda wata mujalla, dole aka janye ta.

Gocewar gurbin tawa ce, ban taɓa musu ba. Rashin karanta bayanin allclose ma nawa ne. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne taron Litinin ɗin da ya biyo baya, inda Farfesa ya tsaya gaban kowa ya ce shi bai san mutum zai kai matakina bai san a zaɓi rangwame ba. Na yi shiru. Mutum biyu a ɗakin suna nan ranar da na yi masa tambayar, su ma suka yi shiru, kuma ban ga laifinsu ba, karatunsu a hannunsa yake. Da takardar ta fito daga baya, sunan ɗalibar da ta ceci aikin bai shiga ko cikin godiya ba.

Ga wanda zai gaje ni. Rangwame daga ma'aunin abin da kake aunawa ake ciro shi, kowane sashe da nasa, kuma a rubuta dalili a gefensa. Ka sani math.isclose, umarnin kwatanta lambobi na Python kansa, rangwamensa tsayayye sifili ne sai ka sa da kanka, ba kamar na NumPy ba, shi kuma na NumPy amsarsa na iya sauyawa idan ka musanya jeri na farko da na biyu. Kada ka zuba lambobi masu ɗigo cikin set, wato ma'ajiyar Python da ba ta karɓar abu ɗaya sau biyu, ka ce za ka cire maimaici: ta farko na iya kusa da ta biyu, ta biyu kusa da ta uku, ta farko da ta uku kuwa sun yi nisa. NaN, alamar da kwamfuta ke bayarwa idan amsa ba lamba ba ce, ba ta daidai ko da kanta. Tara lambobi ɗaya a tsari daban na iya sauya lambobin ƙarshe, don haka kada ka firgita in sakamako ya ɗan motsa a wata kwamfutar.

Gwaje-gwajen da na bar muku, kowane na da abokinsa da ke lalata amsar da gangan ya ga ko za a kama. Na farkonsu sifili yake zubawa, kuma a samansa na rubuta cewa dabarar ɗalibar nan ce. Ina roƙon kada a goge layin.