Talata: yinin da na yi gadin ƙofar zuciyata

Jiya bayan magariba a zauren karatu muka koma kan hadisi na 2 a Arba'una, inda Mala'ika Jibrilu ya tambayi Annabi (SAW) mene ne ihsani. Malam ya daɗe a kan "in kai ba ka ganinsa, to Shi yana ganinka", ya ce nan ne tushen muraƙaba, wato mutum ya riƙa sa ido a kan zuciyarsa yana sane da cewa Allah na ganinsa. Sai ya ba mu aiki na yini ɗaya: mutum ya zauna a bakin zuciyarsa kamar mai gadi, duk wanda ya shigo ya gan shi, ya san sunansa. Ba a ce ka kama shi da kokawa ba. Ya ce Imamu Gazali a Ihya'u ya kwatanta abin da ɗan kasuwa da abokin cinikinsa: a yi sharaɗi da safe, a sa ido da rana, a yi lissafi da dare.

Da asuba na yi sharaɗin. Kafin A Daidaita Sahu ya sauke ni a Fagge na manta da shi sarai.

Wajen ƙarfe 11 abin ya dawo mini, kuma ba da daɗi ba. Yaron shagona ya zo ya tsaya a gefen keken ɗinki yana murza hannu. "Maigida, don Allah duba nan." Shaddar wani Alhaji ce, yadi 10, ta ɗaurin aure. Na ja masa layi da alli, shi kuwa ya bi karin ninki ya sa almakashi, gaban rigar ya gajarce da kusan taƙi guda.

A nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba a shekarun da na yi ina faɗa a shagon nan. Ni na ɗauka fushi ne yake fara zuwa. Ashe tsoro ne ke kan gaba: cikina ya ɗuri ruwa, fuskar Alhaji ta faɗo mini, sai kuɗin shadda a Kantin Kwari. Bayan nan ne ƙeyata ta ɗau zafi, haƙora suka haɗu, zagi ya taho har bakin harshe. Ina tsaye, sai na tuna an ce wanda fushi ya kama a tsaye ya zauna. Na zauna a benci ina jin zafin yana hawa, ya tsaya, ya fara sauka da kansa. Na ce, "Ajiye, je ka sayo mana ruwa." Ya tsaya yana kallona kamar an canza masa ubangida.

To, ga inda aka kayar da ni. Kafin la'asar na ba mutum 3 labarin nan: maƙocina mai aikin wuyan riga, mai shayi, da wani da ya zo awo. Kowane karo shaddar tana ƙara tsada, haƙurina yana ƙara tsawo. Sai a na ukun na ji muryata, wallahi kamar ta wani, tana jiran a ce "Kai, Malam, kana da haƙuri." Wannan baƙon bai zo da zafi ba, lallaɓowa ya yi, shi ya sa ya wuce mai gadi. Ina gane shi sai na hau yi wa kaina faɗa, can na lura faɗan ma wani baƙon ne. Dariya ta kama ni ni kaɗai a kan keke.

A gida kuwa autata ta kifar da kofin kunu a kan tabarma, na daka mata tsawa tun kafin in san na buɗe baki. Uwarta ta ce, "Yau kuma lafiya?" Na yi shiru.

Yanzu ƙarfe 10 ta wuce, lissafin ke nan. Gobe da sassafe sai Kwari neman shadda irin wancan launi, kuma har yanzu ban kira Alhaji ba.