Godiya bayan rasuwar Kaka, da maganar littafinsa

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Sai yau Allah Ya ba ni ikon zama in rubuta wannan, kwana tara kenan rabona da barcin kirki, in kun ga ina ta maimaita magana ku yi haƙuri, kan ne bai gama dawowa daidai ba. Ba sai na koma kan jinyar ba, waɗanda suka biyo mu tun daren farko har safiyar da Allah Ya karɓi abinSa sun san komai. Kaka dai ya tafi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ya huta.

Waɗanda suka yi ta kira ban ɗaga ba, da masu saƙon da har yanzu ban buɗe ba, wallahi ba wulaƙanci ba ne, rabin kwanakin nan ni kaina ban san a hannun wa wayar take ba. Na gode, na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci.

Amma abin da ya tsaya min a rai, ko na rufe ido shi nake gani, shi ne daren da muka ɗauko shi daga gida. Bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki, yana son magana ta ƙi fita, ga ruwa ana ta shekawa kamar da bakin ƙwarya, kun dai san hanyar karkara in ta sha ruwa. Ba mu yi rabin tafiya ba motar ta kafe a taɓo, tayoyin baya sai juyawa suke a banza, Baffa ƙarami ya fita yana turawa har gwiwa cikin laka, direba na ta ba ta wuta, a banza. Waya babu sabis ko ɗigo. Ni ina baya na ɗora kansa a cinyata ina jin numfashinsa yana sama yana ƙasa, kuma ba mutuwar ce ta fi ba ni tsoro ba a lokacin, ai mutum ya haura tamanin kowa ya san ranar na zuwa. Abin da ya tsinka min zuciya shi ne a ce mutumin da babu gidan da aka yi rashi a gundumar nan bai je ya zauna ba, shi ne zai cika a cikin duhu a tsakiyar hanya babu kowa sai mu uku da ƙarar ruwa a rufin mota. Na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta ba tunda nake.

Can sai ga haske yana tahowa a hankali, ashe tarakta ce, mai ita ruwa ne ya tsare shi a gona mai nisa sai lokacin yake komawa gida. Ya sauko ya haska tocila cikin motar, yana ganin fuskar Kaka sai ya saki salati ya ce, "Mai littafi ne?" Bai ƙara cewa uffan ba ya ɗauko sarƙa ya kwanta cikin taɓon nan da kayan jikinsa ya ɗaura, ya ja mu muka fita, kuma bai juya ba, ya biyo mu a baya har sai da muka hau kwalta wai kada mu sake kafewa. Da na miƙa masa abin da ke aljihuna sai ya maido min da hannuna ya ce, "Ɗana, mayar da abinka. Ni ban san ranar da aka haife ni ba sai da na je wurin bawan Allahn nan ya buɗe littafi ya nuna min, layi huɗu a ƙasa kuma ya nuna min ranar da mahaifiyata ta rasu. Ku yi sauri." Baba mai tarakta, na san ba ku hawa intanet amma yaranku za su karanta muku, Allah Ya fitar da ku daga duk wani ƙunci kamar yadda kuka fitar da mu, Ya jiƙan mahaifiyarku, Ya sa albarka a gonarku da zuri'arku.

A asibiti likita ya zaunar da ni ya yi min bayani ba tare da ya ɗora mana laifi ba, ya ce akwai allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa amma cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar toshewa ce ba fashewar jijiya ba. Mu kam lokacin ya wuce mana tuntuni. Kwana ne ya ƙare, na sani, amma dan Allah duk wanda ya ga bakin tsohonsa ya karkace ko hannu ya saki ko magana ta sarƙe, kada a ce a bari gari ya waye.

Wasu cikin abokaina na birni sun tambaye ni wane littafi ake ta magana a wajen ta'aziyya. Tun yana saurayi Kaka yake rubuta duk wanda aka haifa da duk wanda ya rasu a ƙauyukan da ke kewaye da mu, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya taɓa biyansa, littattafan rubutu ne na 'yan makaranta ya ɗinke su wuri ɗaya da zare. Suna, sunan uba, rana, sai ɗan gajeren bayani a gefe. A daren da muka dawo daga makabarta na kasa barci na ɗauko shi na karanta tun daga farko har asuba. Shafin farko ma ba abin da ya gani da idonsa ba ne, sunayen da mahaifinsa ya tuna ne na mutanen da annobar murar 1918 ta kwashe, gida guda mutum uku, mutum huɗu. Daga nan sai yara, yara, yara, wasu ko suna ba su samu ba sai ka ga ya rubuta jaririn gidan wane, kwana biyu. Agana, ƙyanda, gudawa, da mata wajen haihuwa, wasu uwa da ɗa layi ɗaya ya haɗa su. Kana ta buɗawa sai ka ga kalmar agana ta ɓace ba ta sake dawowa ba, kuma haka ne, a 1980 aka sanar an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Ƙyanda ma ta ja baya da rigakafi ya iso. Sai hatsarin mota ya fara shigowa, hawan jini, ciwon suga, korona a 2020, da wata magana da ta yi ta yawa a shafukan ƙarshe har na ji kunya: ya rasu a birni, an binne shi can.

Na taɓa karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2021, cikin mutum goma da ke mutuwa a duniya huɗu ba a rubuta rasuwarsu a ko'ina. Lokacin lissafi kawai na ɗauke shi. A daren nan na gane mutanenmu ne, kakannin kakanninmu da ba su da takarda ko ɗaya a wani ofis, da ba don tsohon nan da bironsa ba da ko sunansu ya bi iska.

Baba ya ce kada in kama sunan kowa don kada a manta wani ya ji ba daɗi, ku yafe min Baba, ba zan iya yin shiru ba. Gwaggo babba, da ciwon ƙafarku da komai kwana shida kuna kan tabarma a gefen gadonsa kuna juya shi duk bayan awa biyu kamar yadda nas ta nuna don kada bayansa ya yi gyambo, ko sau ɗaya ban ji kun ce kun gaji ba. Baffa ƙarami da ya bar aikinsa bai ma nemi izini ba. Matar Kawu da ta kwashe yara duka ta riƙe. Autarmu da ta zauna tana yi masa karatu a kunne har muryarta ta dushe. Nas ɗin dare da ta ga na jingina da bango ina kuka ta wuce kamar ba ta gan ni ba, sai can ta dawo ta ajiye min kujera. Mai gadin da yake sa mana waya a caji. Samarin da suka haƙa kabari a jiƙaƙƙiyar ƙasa tun kafin rana ta fito, rabinsu ban ma san sunansu ba amma na tabbata duk suna cikin littafin. Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya jiƙan magabatanku, Ya ba ku masu yi muku a ranar da ba ku iya yi wa kanku, Ya sa kada ku taɓa rasa mai tsayawa a kanku. Amin ya Rabbi.

Waɗanda kuma jininsa ne, ya yi musu hidima suna ƙanana, aka yi jinya aka yi rasuwa aka share makoki ko ƙeyarsu ba mu gani ba sai saƙon layi biyu a guruf, ba komai. Wataƙila uzuri ne. Sai dai a ranar da ya ɗan farfaɗo yana bin ƙofa da ido duk wanda ya shigo, ni na san wa yake nema, kuma ni ne na rasa abin da zan ce masa. Na bar shi nan.

Shekaranjiya Baba ya miƙo min littafin ya ce in rubuta. Da bironsa na rubuta, a ƙarƙashin sunan wata jaririya da aka haifa mako biyu kafin ya kwanta, ita ce ta ƙarshe da ya rubuta da hannunsa. Hannuna na rawa har sunan ya ɗan karkace.

Sai roƙo ɗaya. Akwai shafuka bakwai a tsakiya da ruwa ya taɓa ci, na zamanin da aka haifi su Baba, tawadar ta narke sai ɗaiɗaikun sunaye ake iya karantawa. Na ɗauki hotonsu zan tura wa duk mai so. Dan Allah duk wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida ya nuna musu ya tambaye su tun yanzu, abin da suka tuna a turo min, zan cike a gefe da fensir don kada ya gauraya da rubutunsa.