Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Yadda na ajiye fim na koma dijital

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Satin da ya wuce mun tsaya ne a inda na bar hannun maigidana na fara cin gashin kaina da tsohuwar kyamarar fim Pentax K1000 ɗin da ya bar min, to yau zan ɗora daga lokacin da dijital ta shigo ta hargitsa mana sana'a, kuma zan ɗan daɗe a kan maganar kamannin hoto don har gobe ana min tambayar wai tsakanin fim da dijital wanne ya fi kyau.

Ni dai gaskiya ban yi saurin komawa ba. Nikon D1 ta fito tun 1999 amma megafiksel 2.7 ce kacal kuma ta manyan 'yan jarida ce masu kamfani a bayansu, irinmu sai dai mu ji labari. Abin da ya kashe bakinmu shi ne Canon 300D da ta fito a 2003, sai Nikon D70 a 2004, duk biyun megafiksel shida ne da ɗan kai, kuma mutum irina zai iya tara kuɗi ya mallaka. D70 na saya ta hannu, da lens ɗinta 18-70, don na Pentax ba sa hawa kanta.

Satin farko kam daɗi har kunne. Mutumin da ya saba da fim mai ɗauka 36, kowane latsawa sai ya yi lissafi, yau ga memori da za ka yi ta harbi ka goge wanda bai yi ba. Ga kuma ISO, wato lambar da ke nuna ƙarfin kama haske, a fim in ka ɗura mai 200 to kai da 200 ne har fim ɗin ya ƙare ko da an shiga ɗaki mai duhu, nan kuwa maɓalli kawai zan murza daga 200 har 1600. Sai ɗan allon bayan nan wanda bai kai inci biyu ba, duk ɗauka sai na leƙa, har wuyana ya saba.

Matsala ta fara ne da aka wanko hotunan a takarda. Sun fito tas, kowane gashi ana ganinsa, amma wallahi ba su yi kama da hotunana ba. Fuska ta yi wani fayau ba ɗumi, farar riga kuwa ta ƙone ƙurmus, ba ɗinki ba lanƙwasa, fari ne kawai fat kamar an yanke wajen da almakashi. A fim abin da maigida ya koya min shi ne ka auna haske a kan fuska, musamman baƙar fata, ka ƙara mata haske kar ka ji tsoro, don nigatif, wato fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, yana shanye ƙarin haske mataki biyu ko uku (kowane mataki ninka haske ne) ba tare da fari ya lalace ba, abin da ba ya yafewa shi ne ƙarancin haske, nan ne inuwa ke zama toka-toka mara daɗin gani. To dijital ta juya wannan dokar baibai. Sensa, wato abin da ke kama haske a madadin fim, in ta cika ta cika, duk abin da ya wuce iyakarta ya tafi kenan babu mai dawo da shi, amma inuwa ana iya ɗago ta a kwamfuta in dai RAW ka ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Wato hannun da ya shekara da shekaru yana ƙara haske, yanzu dole ya koyi ragewa, kuma hannu ba ya jin magana da wuri.

Na kai kuka wajen dattijon da ke min wankin hoto tun ina yaron shago, na ce Baba wannan kyamarar fa ba ta san kala ba. Ya yi dariya ya ce yaro kenan, ai kalar da kake yabo rabinta daga yatsuna take fitowa. Ya zaunar da ni gaban injin ya nuna min, kowane nigatif in ya hau allo sai ya taɓa, ya rage ruwan ɗorawa nan, ya ƙara ja can, ya ɗan buɗe duhu don fuska ta fito, duk cikin daƙiƙa kaɗan ba tare da ya taɓa faɗa min ba. Shi ne ma ya fara ba ni labarin katin da kamfanin fim na Kodak ke raba wa masu wanki don saita inji, wanda ake kira Shirley, hoton baturiya ne a jiki, sai a shekarun 1990 aka fito da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Ya ce shi tun tuni da idonsa yake saita fatar mutanensa. Ashe abin da nake kira kalar fim aikin mutum uku ne, kamfanin da ya haɗa sinadarin, ni da na latsa, da Baba. Da na koma dijital sai aikin biyun ya faɗo kaina ni kaɗai, ni da ko linzamin kwamfuta ban iya riƙewa da kyau ba a lokacin.

Amma fa kar a ce duk bambancin na mai wanki ne, akwai wanda yake na fim ɗin kansa. Kodak Gold yana da ɗumi, yana jan hoto wajen ruwan zinari, Fuji Superia kuma ta fi son kore da ɗan sanyi, tun daga kwalin kake zaɓar yanayin hotonka. Sai tsakin nan da ke jikin hoton fim, ƙwayoyin sinadarin azurfa ne ke haifar da shi kuma ba girmansu ɗaya ba, a warwatse suke, shi ya sa yake kwanciya a ido yana kuma lulluɓe ƙananan tabon fuska. Tsakin dijital na wancan zamanin kuwa in ka kai 1600, ɗigo-ɗigon ja da kore ne ke fesowa a cikin inuwa, babu wanda zai ce yana da kyau. Inda dijital ta yi wa fim fintinkau shi ne hasken cikin ɗaki, don fim ɗin da muke amfani da shi don hasken rana aka yi shi, ƙarƙashin ƙwan lantarki sai kowa ya koma lemo-lemo, ƙarƙashin dogon ƙwai kuma kore, a dijital ko saitin fari, wanda ke daidaita kala da irin hasken wurin, kawai zan canza a wuce wajen.

Abin mamaki, injiniyan Kodak ne ma Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, amma a 2012 kamfanin ya je kotu neman kariya daga masu binsa bashi. Mu da muke ƙasa mun ga alamar tun kafin nan, fim ya fara wuyar samu, masu wanki suna rufewa ɗaya bayan ɗaya.

In ka tambaye ni yau, hoton mutum a tsakar rana sanye da fari har yanzu nigatif na fi so, kyamarorin yanzu sun matso sosai amma yadda fari ke narkewa a hankali a fim daban ne. Aikin dare, aikin sauri, da duk aikin da mai shi ke tsaye a kanka yana jira, dijital ce ba gardama. Na ɗauki watanni ina zuwa wajen Baba da yamma ina kallon yatsunsa, in dawo in gwada irinsa a Photoshop, kafin hotunana suka fara komawa kama da nawa.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin sabuwar fitinar da allon bayan kyamara ya jawo min, wato lokacin da kwastomomi suka gane ana iya cewa mu gani, goge wannan, sake ɗauka.